Rigar Isufu

Na'Allah ya sake ɗaga rigar sama, ya juya ta don na bayan taro su ga hudar mashi da jinin da ya bushe a ƙirjinta. Kasuwar Mai Yara ta tsaya cak, har masu awon gero sun kife ƙwarya. Kasuwa ta huɗu ke nan yana wannan abu, kuma kullum a wuri ɗaya hawayen ke zuwar masa, daidai inda zai ce a kan cinyarsa Isufu ya cika. Mutumin nan ya iya kuka, wannan kam ba a raba shi da shi.

Wata biyu ke nan da mahara suka kore shanun gari daga wata rijiya can wajen Tagaris. Maza ashirin suka bi sawu, faɗa ya tarwatsa su, kowa ya yi ta kansa. Bakwai ba su dawo ba, har da maigari da Isufu. Na'Allah ne ya shigo gari a ƙarshe, da rigar nan a kafaɗa, ya ce shi kaɗai ya tsaya ya rufe gawarwakin. Yanzu ga shi dattawa za su zaɓi sabon maigari ranar Juma'a, shi kuwa yana ta rantsuwa in aka ba shi zai kwashi samari a je ramuwa kafin ruwan shuka ya sauka.

Baraka, uwar Isufu, tana zaune bayan tallar daddawarta tana kallo. Ɗa ɗaya ya rage mata, Tanimu, ga shi can a gaban taro riƙe da mashi, idonsa jawur. Ta roƙe shi, ta yi masa faɗa, ta tuna masa matarsa na da ciki, ya ce ba zai iya ganin jinin wansa yana yawo kasuwa shi yana zaune ba. Tsoro ya cika ta. Ta san in ya bi Na'Allah arewa, ba za ta ƙara ganinsa ba.

Sai ta tuna lokacin da aka kashe mahaifinta a yaƙi tana ƙarama. Kwari da baka kawai aka kawo gida, ko hula ba a kawo ba. Ta miƙe, ta gyara zane, ta ratsa maza har gaban Liman Mahamman da ke zaune gindin aduwa.

"Malam, ni jahila ce," in ji ta, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Wanda aka kashe a fagen fama yana kare dukiyar mutane, da mi ake rufe shi?"

Liman ya ce da tufafin da ke jikinsa, ba wanka, ba likkafani.

Ta juya wajen Na'Allah.

"To kai da ka rufe shi, tuɓe mini ɗa ka yi, ka sa shi rami tsirara, don ka samu abin nunawa a kasuwa?"

Taro ya ɗauki salati. Na'Allah ya ga yadda Tanimu ke dubansa, nan da nan hawaye suka ƙafe. Ya shiga rantse-rantse, wai shi ba zai yi wa gawar Musulmi haka ba, da rigarsa ya rufe shi.

"Madalla," in ji Baraka. "To wagga ta wa ce?"

Na'Allah ya dubi rigar da ke hannunsa. Can ya ce ai riga biyu Isufu ya sa a ranar. Baraka ta ce ɗanta riga ɗaya gare shi a duniya, ita ta kaɗa zaren da hannunta. Wata tsohuwa mai sayar da kuka ta fashe da dariya, sai kasuwa duk ta ɗauka. Cikin hayaniyar ne Agali, ɗaya daga cikin waɗanda suka dawo, ya ce shi dai abin da ya gani, tun kibiyar farko Na'Allah ya juya, kunya ce ta hana shi faɗa don shi ma gudun ya yi. Dattawa suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna kaɗe riguna. Ba sai an jira Juma'a ba.

Tanimu ya zo gaban uwarsa, kansa a ƙasa. Ya ce har yanzu zai tafi arewa, don ke nan ba wanda ya san ko an rufe su ma. Agali zai nuna masa wurin.

Baraka ta karɓi mashin daga hannunsa, ta jingine shi jikin rumfa.

"Da hauya za ka," ta ce. "Ka rufe ɗan'uwanka, ka sa ƙaya a kan kabarin saboda kuraye, ka dawo mini kafin shuka."

Sannan ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa, ta farko tun da Isufu ya tafi.