Injin Zarto

Shekara uku Ilyasu ya yi yana ƙera jirgin nan a tsakar gidansa da ke unguwar Umbadda a Umdurman. Jirgin wasa ne mai rimot, amma fukafukansa sun kai tsawon tabarma biyu. Inji kawai ya rage. Likita kuwa ya riga ya gaya wa 'yarsa Shamsiyya cewa idon tsohon tafiya yake yi, ba kuma zai dawo ba. Shi ya sa ta kasa zaune ta kasa tsaye. In jirgin ya faɗo ya tarwatse, babu wasu shekaru ukun da za a sake wani, ita kuma so take ya ga abinsa a sama ko da sau ɗaya ne.

Ilyasu tsohon makanikin raksha ne, wato babur mai ƙafa uku, taurin kai gare shi ba kaɗan ba. Kana yi masa zancen ido sai ya ce hasken rana ne ya yi yawa bana.

Sau uku suna zuwa shagon Hisham a Kasuwar Umdurman. Injin fetur biyu ne a wurinsa da za su iya ɗaukar jirgin. Ɗaya sabo dal, da salansarsa, juyi ɗaya ya tashi, sautinsa a kwance. Ɗayan daga jikin zarton yankan itace aka ciro shi, ga nauyi, ga baƙin hayaƙi, in ya tashi har maƙeran layin sai sun ɗago kai. Hisham ya rantse sabon ba ya mutuwa a sama. Shamsiyya ma ta bi wayarta ta karanta duk abin da masu irin wannan jirgi suka rubuta, bakinsu ɗaya da na Hisham.

Ilyasu ya sa aka tayar da su bi da bi, ya dafa benci, ya karkata kai yana saurare. Sai ya ce na zarton yake so.

Ran Shamsiyya ya ɓaci sosai. A cikin motar haya ta yi magiya, ta kawo hujja, har ta haɗa shi da Allah. Ya ce injin da ya sha fetur ɗin kwalba na bakin titi shekara da shekaru bai mutu ba, ba yau zai fara ba. Ta san rabin gaskiya ce ya ba ta, amma ta rasa inda sauran rabin yake.

Ranar Juma'a da hantsi suka fita fili, yamma da Umbadda. Ita ke riƙe da rimot, don ita ta saba tuƙa ƙananan jiragensa. Sai da aka juya farfela sau shida kafin injin ya kama. Jirgin ya yi gudu, ya yi tangaɗi, ya ɗaga.

Da ya daidaita ta saci kallon mahaifinta. Idonsa ba a kan jirgin yake ba, ya kauce can gefe inda babu komai sai sarari. Amma kansa na juyawa a hankali, kunnensa na bin ƙarar duk inda ta nufa, yana murmushi.

"Ya yi hagu yanzu, ko? Yana hawa."

"Yana hawa, Yaba," in ji ta.

"Da mai salansar nan muka saya, da tuni ya ɓace mini."

Tausayi ya kama ta. Ashe ta makara, ganin da take ta yi wa gaggawa ya riga ya wuce, shi kuma ya sani tun a shagon Hisham. Ta goge ido da kafaɗa don hannuwanta ba su da sarari, ta karkato da jirgin ƙasa ƙasa, ta biyo da shi daidai saman kansa.

"Sake, 'yata," in ji shi. "Fetur bai ƙare ba tukuna."