Baƙi Masu Ɗankwali

Ciwon farko ya zo wa Umma ne tana tsakiyar kwaɓa fulawa da gishiri. Ya taso daga ƙugu, ya zagayo mara, ya matse ta, sannan ya saki. Ta dubi agogon bango: tara saura kwata. Haihuwa biyu ta yi, ta san wannan sallamar. Ta kuma san ƙarfe goma Yaya za ta iso.

"Ba yanzu ba," ta ce da cikin nata, ƙasa-ƙasa. "Ka yi mini haƙurin awa biyu."

Yaya ita ce yayar mijinta, ita ta riƙe shi tun yana ɗan shekara bakwai. Shekara talatin ta yi tana koyarwa, goma sha biyu daga ciki tana shugabar makaranta, kuma ritaya ba ta rage mata murya ba. Makon jiya ta zaunar da ƙanin nata ta yanke magana. Za ta zo ranar Asabar ta gwada 'yarsu Shalele. In yarinyar ta yi karatu, shi ke nan. In ba ta yi ba, ranar Litinin a ɗinka mata yunifom ta koma makaranta.

"Mace da tsohon ciki, ga jego na zuwa, wai ita ce makaranta," in ji Yaya. "Wasa da fulawa kawai kuke yi."

Mijin, kafinta ne mai sanyin hali, ya amsa da "to". Umma ba ta ga laifinsa sosai ba. Sai dai ba shi ne ya je ɗauko Shalele ba ranar da ya kamata ya gani da idonsa. Yarinyar tana da in'ina. Wata huɗu ta yi a aji ɗaya, yara suna kwaikwayonta, malami yana cewa ta yi sauri, har ta daina magana gaba ɗaya, a makaranta da gida. Ranar ƙarshe Umma ta same ta a bayan ƙofar aji, ta jiƙa siket ɗinta don ta kasa furta kalmar neman izini. Tun daga ranar falon gidan ya zama aji.

Kuma a falon ne Umma ta gano abin da ba wanda ya gaya mata: in hannun Shalele na murza wani abu, harshenta yana sakewa.

"Umma, wane baƙo ke zuwa yau?" Auta ne, ɗan shekara huɗu, ya shigo da wando a baibai.

"Gwaggonku."

"Ita ba baƙo ba ce. Ba ta da ɗaki."

Haka suke yi a gidan. Tun ranar da Umma ta ce musu haruffa sunansu baƙi, yaran suka ɗauka baƙin da ke zuwa gida ake nufi, ita kuma ta bar su a haka. Duk mako baƙo ɗaya ke sauka. Su mulmula shi da kwaɓin fulawa, su shanya shi a taga, su ba shi abincin da ya fara da sautinsa. Ubansu ya ƙera musu akwatin katako mai ƙananan ɗakuna, kowane baƙo da ɗakinsa. Sunaye kuwa yaran ne suka raɗa. Harafin b mai ciki ce, don cikinta na gaba kamar na Umma. Harafin d mai goyo ce. Harafin k mai shuri. Masu ƙugiya a ka kuwa, ɓ da ɗ da ƙ, su ne masu ɗankwali.

Auta ya manna kunne a cikin Umma. "Wannan baƙon in ya zo, ni ne dai Auta."

"Za mu zauna mu yi shawara."

"Ban yarda ba. A sa shi a akwati."

Ciwo na biyu ya zo tara da minti biyar. Umma ta riƙe bakin tebur tana murmushi har ya wuce. In ta faɗa, za a kwashe ta zuwa asibiti, Yaya ta zauna da yaran ita kaɗai, ta yi gwajinta babu mai cewa uffan. Ta share gumi da gefen hannu ta ci gaba da kwaɓi.

Goma daidai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Yaya ta shigo da jaka a hammata, tabarau rataye a wuya, ƙaninta Kafinta na biye da ita da garin katako a gashin gira. Ta tsallake tiren shinkafar da ake rubutu da yatsa a ciki, ta tsallake marafen kwalba da aka jera goma-goma, ta dubi igiyar da aka shanya zanen yara a kai.

"Sannu da zuwa, Yaya. An zo lafiya?"

"Lafiya lau. Nan ne jami'ar?"

"Nan ne. A ƙasa muke zama."

"Ni a kujera nake zama. Gwiwata ba ta wasa." Ta zauna, ta ciro takarda da jan biro. "Ina ɗalibar?"

Shalele ta fito daga bayan labule. Shekararta shida, siririya, da ɗan curin kwaɓi a tafin hannu tana murzawa.

"Ina kwana, Gwaggo," ta ce, sumul, ba gargada.

"Lafiya lau, 'yar albarka. Ajiye wannan ƙazantar. Tsaya sosai. Hannu a baya."

"Yaya, da kin bar mata..."

"Ni na koya miki kwaɓa fulawa? To kar ki koya mini jarrabawa."

Umma ta dubi mijinta. Ya dubi silin. Shalele ta ajiye curin a bakin tebur, ta mai da hannuwanta baya.

"Karanto mini haruffa daga farko zuwa ƙarshe."

Ba su taɓa jera su ba. Baƙi ba a jere suke zuwa ba, wanda aka fi bukata shi ke fara sauka. Shalele ta buɗe baki. "A... b-b-b..." Leɓunanta suka manne. Jijiyar wuyanta ta tashi.

"To, bar shi." Yaya ta zana ƙatuwar b a bayan takardar. "Wannan mene ne?"

Fuskar yarinyar ta ɗan saki. "M-mai ciki."

"Me?"

"Mai ciki ce!" Auta ya yi tsalle daga gefe. "Ki juya ta ta zama mai goyo!"

Yaya ta sa tabarau, ta dubi Umma ta samansa. "Shekara guda. Shekara guda cur, abin da kika koya wa 'yar ƙanina ke nan? Ciki da goyo? Makaranta ce ko ɗakin ungozoma?"

Kafinta ya yi dariya, ya ga ba mai taya shi, ya mai da ita tari.

Ciwo na uku ya zo a nan, ya fi na baya tsawo. Umma ta jingina da bango, ta ƙirga marafen kwalba da ido har ashirin da bakwai kafin ya sake ta. Ba wanda ya lura. Duk idanu na kan Shalele.

"Na ƙarshe," in ji Yaya. Ta juyo da fuskar takardar, layi biyar da aka buga mata a shagon buga takardu. "Layin farko kawai. Shi ke nan na roƙe ki."

Shalele ta sunkuya. Umma ta ga idonta na tafiya a kan layin, ya kai ƙarshe, ya dawo, ya tsaya. Yarinyar ta haɗa gira. Ta ɗago.

"B-ba su ɗ-ɗ-ɗ..."

"Karanta, ban ce ki yi mini hira ba."

"Ba su ɗ-ɗ..."

Hawaye ya taru a idon yarinyar bai zubo ba. Sai ta rufe bakinta, irin rufewar da Umma ta sani, wadda ta ɗauki wata biyu kafin ta buɗe a bara.

Yaya ta yi ajiyar zuciya. Ba mugunta a fuskarta, gajiya ce kawai. Ta jawo takardar, ta rubuta kalma biyu da jan biro a ƙasan shafin, ta ja layi.

"Ba laifin yarinya ba ne," ta ce da ƙaninta. "Litinin da safe zan zo da kaina in kai ta."

Umma ba ta san lokacin da ta bar bango ba. Ta ɗauki curin kwaɓin daga bakin tebur, ta zagaya bayan 'yarta, ta buɗe ɗan hannun da ya dunƙule, ta saka shi a ciki ta rufe.

"Na ce a ajiye..."

"Kin gama jarrabawarki, Yaya. Yanzu gidana ne."

Shekara takwas da aure, Umma ba ta taɓa mayar wa Yaya magana ba. Kafinta ya sauko da idonsa daga silin.

Yatsun Shalele suka fara murzawa. Tana kallon takardar da ke gaban gwaggonta, a juye, jan rubutun na fuskantar Yaya. Ta karkata kai.

"Ta... kasa," ta ce. Muryar ta fito a fili. "Ta kasa. Gwaggo, wa ya kasa? Ni ko Umma?"

Biron ya tsaya a hannun Yaya.

"Me kika ce?"

"Kin rubuta ta kasa. Mai shurin nan ba ta son ɗankwali, daidai take. Amma waɗancan na sama duk kansu a buɗe yake." Ta jawo takardar, ta dangwala yatsa a layin farko. "Baki sun shiga daki. Baki ai ba ya tafiya, yana fuska."

Auta ya faɗi ƙasa yana dariya, yana tafiyar da bakinsa da yatsu. "Baki ya shiga! Baki ya shiga!"

Yaya ta kusanto da takardar har hancinta. Injin shagon ba shi da ƙugiya ko ɗaya, ita kuma ta karɓa ta cusa a jaka ba ta duba ba. Ita, da ta shekara talatin tana zagaye wa yara wannan kuskuren da jan biro.

Shalele ta tsinko ɗan kwaɓi kamar ƙwayar shinkafa, ta lanƙwasa, ta ɗora a kan k. Ta tsinko wani ta ɗora a kan d. Ta bi layi biyar tana ɗaura wa baƙi ɗankwali, harshe a gefen baki, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Sannan ta koma farko, hannun hagu na murza curin.

"Baƙi sun shiga ɗaki. Ƙanina ya ɓoye a bayan ƙofa. Ɗan akuya ya ɓata..." Ta ɗan sarƙe a layi na huɗu, ta matse kwaɓin, ta wuce. Ta kai ƙarshe ta ɗago. Ba yabo take jira ba. "Ba ki faɗa ba, Gwaggo. Wa ya kasa?"

Tsohuwar ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. Ta daɗe tana kallon jan rubutunta.

"Ke da saurin baki kamar uwarki," ta ce a ƙarshe. "Ban gama rubutun ba kika kwace takarda." Ta sa biro a kan k, ta lanƙwasa mata ƙugiya. "Karanta yanzu."

"Ta ƙasa."

"Yauwa. Cewa na yi ta ƙasa za a ci gaba da karatun nan. A ƙasa kuke zama, ko ba haka uwarku ta ce ba?"

"Amma kin ja layi tun..." Shalele ta fara.

"Kai, kama ni," Yaya ta ce da ƙaninta da sauri, tana miƙa masa hannu. Ya riƙe ta, ta sauko daga kujera da nishi, gwiwa na ƙara, har ta zauna a tabarma tsakanin tiren shinkafa da akwatin baƙi. Ta nuna Umma da biro. "Amma ki ji. Jerin haruffa dole ta iya shi, ba za a tafi duniya da mai ciki da mai goyo ba. Talata da Alhamis nawa ne. Kuma in kin haihu, wata biyu ba ruwanki da ajin nan."

"Da kwaɓi a hannunta," in ji Umma.

"Da kwaɓi. Ko da turmi take so."

Umma ta buɗe baki za ta yi godiya, ciwo na huɗu ya zo. Wannan bai bar mata wurin murmushi ba. Ta damƙi kafaɗar mijinta har ya yi ƙara.

Yaya ta ɗago, ta dubi fuskarta, ta dubi gumin da ya jiƙa wuyan rigarta. "Tun yaushe?"

"Tara saura kwata."

"Tara saura... Ke wace irin mace ce? Kina naƙuda kika tsaya kina mini rashin kunya? Kai kuma ka tsaya kamar ƙyauren da ka ƙera! Nemo mota! Ina jakar asibiti?"

"Bayan ƙofa," in ji Shalele. "Ƙofa mai ɗankwali."

Kafinta ya fita da takalmi ɗaya, ya dawo ya ɗauki ɗayan. Umma ta tsaya a bakin ƙofa tana numfashi, ta waiwaya. Yaya na ƙoƙarin tashi, gwiwa ta hana, Auta kuma ya riga ya ɗora mata kwanon kwaɓi a cinya.

"Gwaggo, ki yi wa baƙon ɗaki a akwati. Ƙarami. Ni ne Auta."

"Wannan sarautar ta ƙare yau, ɗan nan. Miƙo ruwa, kwaɓin ya bushe."

Shalele ta biyo uwarta har soro. Ta buɗe hannun Umma, yadda aka buɗe nata ɗazu, ta saka curin a ciki, da ɗuminsa, ta rufe yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"In ya yi zafi ki matse," ta ce.

A waje mota ta yi ham.