Amon da Altero Ya Bar Masa

Mijina Egisto a tsaye yake ƙaga waƙa, yatsunsa na buga cinya: gaɓa goma sha ɗaya kowane ɗango, nauyin murya ya sauka a kan ta goma. Haka ake karawa a ƙauyukanmu na Maremma, a ƙasar Italiya, ranar ɗaya ga Mayu. Mutum biyu, baiti-baiti, kuma dole ka buɗe naka da amsa-amon da abokin karawarka ya rufe nasa da shi. Ka kasa, an kayar da kai.

Abokin karawarsa tun suna samari Altero ne, mahaucin garinmu, mugu na gaske. Sai ya zaɓo kalmar da ba ta da 'yar'uwa a duk Italiyanci ya rufe baiti da ita, yana murmushi. Egisto kuwa ya tono amsa ko daga ina, ya haɗa masa da zagi. Su rabu suna huci, da yamma ka gan su kan kwalba ɗaya.

Bara ɓarin jikin Egisto ya shanye, magana ta tafi. Likitar magana takan zo ta zaunar da shi a kicin.

"Buga tebur, Baba. Pa-ne. Gaɓa biyu kawai."

Burodi fa! Mutumin da ke sa dandali ya yi tsit, shi ake koya wa sunan burodi. Nakan fita tsakar gida don kada ya ga fuskata. Yatsun nan ba su manta komai ba, suna buga goma sha ɗaya cif. Kalmomin ne ba sa zuwa, in ma sun zo sai a gutsure.

Da Mayu ta kusa ya nuna min hularsa ta biki.

"Ba inda za ka, tsoho," na ce. "Dariya kake so a yi maka?"

Ya daki tebur har cokali ya faɗi. Na san abin da yake so: ya amsa wa Altero ko da ɗango ɗaya ne, a san yana nan.

Muka je. Aka ba shi kujera a gaba. Altero ya miƙe, ya dube shi, ya rera. Ba zagi, ba tsokana, sai yabo. Da ya zo rufewa sai ya sauke baitin a kan amo mafi arha a yarenmu, wanda ko ɗan firamare zai samo masa kalma ɗari.

Haba, Altero!

Yatsun Egisto da suka fara bugu suka tsaya cak. Ya gane. Bai ma gwada ba. Mutane suka yi ta tafi, irin wanda ake yi wa mara lafiya.

Altero ya biyo mu har mota, idonsa ja.

"Fosca, taimakonsa na so in yi."

"Da ka zage shi," na ce. "Da ka ba shi mai wuya ya kasa, ai da ya koma gida a mawaƙi."

Likitar tana zuwa har yanzu. Ta ce "pa-ne", ta jira. Hannun Egisto na kan tebur a shimfiɗe, ba ya bugawa.