Libarbar Sajan Gidaɗo

"Ɗaga wayar sama, ɗan Gwanja. Hancinka nake gani, ba 'yata ba."

Na ɗaga. Daga aiki na dawo, ko takalmi ban cire ba. Baba Baƙo yana kwance a gadonsa na ƙasa, an tokare shi da matashi biyu, ƙafafunsa sun kumbura suntum. A cikin wayar ga 'yarsa Zeinabou a tsakar gidansu na Damagaram, ta shimfiɗa tsumma a kan tabarma, ta ɗora wani baƙin ƙarfe a kai.

Ita ce libarbar. Shekaru muna ɗaki ɗaya da tsohon nan a unguwar Satwa ta Dubai, ina jin labarinta har na haddace, sai ranar na gan ta da idona. Gaskiya ban ga abin a zo a gani ba. Ƙaramar bindiga ce mai ƙotar katako, ta yi baƙi ƙirin, ta daskare. Ni dai mai gadi ne a wani kanti, ko kulki ba a taɓa ba ni ba, me na sani game da bindiga?

Kakansa, Sajan Gidaɗo, shi ya dawo da ita daga yaƙi lokacin da yake sojan Faransa. Da ya sauke farali sai ya sa maƙeri ya toshe bakinta da dalma, ya ce ta gama magana. Tun daga nan ko ƙadangare ba ta sake harbi ba. Amma duk jajiberin babbar salla mai riƙe da ita zai buɗe ta, ya goge, ya shafa mata mai da gashin zabuwa, ya kira sunayen waɗanda suka riƙe ta kafin shi. Da Baba Baƙo zai taho Dubai aikin ɗinki, ya san bindiga ko tsohuwa ce ba ta hawa jirgi, sai ya bar wa ƙanensa Salmanu amanarta, ya taho da kubenta kaɗai. Kuben fatar yana rataye a ƙusa saman gadonsa, yana shan man keken ɗinki duk Juma'a alhali babu komai a cikinsa.

Yanzu likita ya ce zuciyar Baba ba za ta ɗauki jirgi ba. Salmanu kuma ya aiko cewa bindigar ta mutu, tsatsa ta cinye ta, ta ƙi buɗuwa, ga zamani ya lalace, kada hukuma ta same shi da bindiga, shi kam zai wurga ta tsohuwar rijiya ya huta. Baba ya roƙe shi ya dakata. Abin da yake so kafin ya tafi ɗaya ne, ya ga ta buɗe, ya miƙa ta ga wani.

"Zeinabou, kai ta hancinki. Sansana ki faɗa mini."

Ta kai, ta yatsine fuska. "Baba, warin tsohon ƙuli-ƙuli take yi."

Sai na ga kafaɗun tsohon suna rawa. Na ɗauka ciwon ne ya tashi, ashe dariya ce. Ya yi ta har tari ya sarƙe shi, sai da na ba shi ruwa.

"Kira mini baffanki."

Salmanu ya leƙo, rabin fuskarsa kawai ake gani.

"Salmanu, da wane mai kake shafa mata?"

"Man gyaɗa mana, Yaya. Mai dai ai mai ne."

"Man keke na ce maka. Bindigar Sajan ka mayar kaskon ƙosai? Ba tsatsa ba ce, mai ne ya daskare ya zama ƙaro. Da ranta."

Ya sa Zeinabou ta cire katakon ƙotar ta ajiye gefe, ta tsoma sauran a kwanon kananzir, ta rufe. Ya ce a bar ta ta jiƙu, kada kowa ya taɓa. Salmanu ya ce to, ya ji, amma in an ciro ta ba ta buɗe ba, maganar rijiya tana nan.

Kananzir yana aikinsa a Damagaram, ciwo yana nasa a Satwa. Baba ya daina cin abinci. Na yi masa waakye, shinkafa da wake irin namu na Kumasi, wanda kullum yake zagi yana cinyewa, cokali ɗaya ya kai baki ya ture. Telolin layinsu, 'yan Pakistan da 'yan Indiya, suna ta leƙowa da lemo da dabino. Da numfashi ya fara gagararsa muka kai shi asibiti. A motar ya damƙe hannuna.

"Braimah, koma ka ɗauko mini kuben."

"Baba, kana wannan hali kana ta fata?"

"Yalla, yi maza, ɗan Gwanja. Ba ni da lokacin gardamarka."

Tsoro ya kama ni sosai, ba zan ɓoye ba. Ina ganin tsohon nan zai riga kananzir gama aiki. Na roƙi abokin aikina Abdul-Wahid ya riƙe mini wurina, na tare a gefen gadon.

Ranar da Baba ya ce bindigar ta jiƙu, da la'asar muka kira. Robar iska tana hancinsa, kuben yana kan ƙirjinsa. Zeinabou ta ciro bindigar, kananzir ɗin ya koma baƙi kamar ruwan rini. Ta bi ta da tsohon burushin haƙori, lungu lungu, ta goge da tsumma. Sai ga ƙarfe ya fito fes, har da wasu lambobi a gefe da ita kanta ba ta taɓa gani ba. Matan gidan sun taru a bayanta, Salmanu yana tsaye ya harɗe hannu.

Ta danna inda Baba ya nuna mata. Shiru. Ta sake dannawa da ƙarfi, har jijiyar hannunta ta tashi. Ko motsi.

"Ai na faɗa," in ji Salmanu.

Na dubi Baba. Idonsa a rufe, na zaci ya suma. Sai ya buɗe baki, muryar can ƙasa, sai da na kai wayar dab da leɓensa.

"Kada ki yi mata ƙarfi, 'yata. Tsohuwa ce, lallaɓa ta ake yi. Shwayya shwayya, a hankali. Ja da babban yatsa, ki tura gangar gefe, kamar kina ɓare gyaɗa."

Ta sauke numfashi, ta yi bismilla, ta ja.

Ƙas.

Gangar da ake zuba harsashi ta faɗo gefe. Zeinabou ta taɓa ta da yatsa, ta juya lafiya lau, ramukanta wayam, ana hango hasken rana ta ciki. Wata tsohuwa a bayanta ta rangaɗa guɗa har wayar ta yi ƙara. Mutumin gadon kusa da mu, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, ya ce masha Allah. Ni kuwa, ƙato da ni, hawaye ne suka zubo mini.

"Voilà," in ji Baba. Ya buɗe ido tangaran, irin yadda ban gani ba tun da ya kwanta. "A kawo man keke da gashin zabuwa."

Aka kawo. Ta shafa yadda ya ce, kaɗan kaɗan, ta mayar da katakon, ta rufe.

"Salmanu, karɓe ta. Hannunka shi ne hannuna yau. Miƙa mata."

"Yaya, mace? Ga Bashar ɗana nan."

"Bashar yana ina da ake jiƙa ta? Hannun da ya buɗe ta shi ke da ita. Kalas, magana ta ƙare."

Zeinabou ta ce, "Baffa, gidana zan kai ta, kuma da kaina zan je in nuna wa hukuma bakinta a toshe yake. Ba abin da zai taɓa ka." Ya dube ta, ya dubi wayar. Sai ya cire takalmi, ya durƙusa a kan tabarmar, ya miƙa mata da hannu biyu.

Baba ya fara kira, yana hutawa tsakanin suna da suna. "Daga hannun Sajan Gidaɗo. Zuwa hannun Mamman ɗansa. Zuwa hannun Baƙo tela." Ya ja numfashi. "Zuwa hannun Zeinabou. Maimaita."

Ta maimaita. Da muka kashe wayar ya ce in sauran waakyen nan yana nan, zai ci. Na ruga na samo masa wani, ya ci cokali uku yana cewa mutanen Gwanja har yau ba su iya dafa wake ba.

Bai ƙara kwana da yawa ba. Da hantsi ya cika, ina riƙe da hannunsa, kalmar shahada a bakinsa. Telolin Satwa suka rufe shaguna, mutanen Nijar na unguwar Deira suka zo, mu 'yan Zangon Gana muka zo, sahu ya yi tsawo har na yi mamaki. A nan Dubai muka binne shi.

Kuben kuwa na naɗe shi a rawanin Baba, na kai wa Hajiya Zalika, wata 'yar kasuwar Damagaram da ke haɗa kaya a kasuwar Al Ras. Ta ce wannan ba ya shiga kago cikin kayan kasuwa, a jakar hannunta zai tafi.

Jajiberin babbar salla ina shirin fita aiki hoto ya shigo wayata. Libarbar ce a cikin kubenta, ta zauna daram, ƙotar tana ƙyalli. A gefe ga kwalbar man keke, ga hannun wata ƙaramar yarinya riƙe da gashin zabuwa.

Na ɗaga kai na dubi saman gadon Baba. Ƙusar tana nan, a ƙarƙashinta fentin bango ya fi sauran haske, daidai siffar kuben. Na daɗe ina kallon wurin, sannan na ɗauki hulata na fita.