Tambayar da Renita Ta Tsallake

Shekara biyu a jere firamaren garinmu tana faɗuwa jarrabawar jiha. A wajenmu yara ke rubutawa, amma makarantar ake yi wa maki, kuma manyan ilimi na jiha sun faɗa mana ba ɓoye-ɓoye: in aka sake ta uku za su garƙame ƙofa, a riƙa kwasar yaranmu a bas tun duku-duku zuwa wani gari. Masaƙar garin ta mutu, asibitin ya tashi, makarantar nan ce kaɗai ta rage mana.

Ni na koyar a cikinta har furfura ta cika mini kai, na yi ritaya ina murna na rabu da jarrabawa. Sai ga hedimasta Cleveland Boykin ya tare ni a ƙofar coci, wai doka ta ce kowane aji sai da manya biyu ranar jarrabawa.

"Mama Eudora, ki taimaka. Zama kawai za ki yi ki sa ido."

"Cleveland, ni na koya maka ɗaure igiyar takalmi. Dubi yadda ka rame, kamar kai za ka rubuta."

"Da ni ne, Mama, da na yi barci."

Na amsa masa, don ya ba ni tausayi.

Cleveland ya kasa yaran kashi uku tun farkon shekara. Akwai waɗanda za su ci ko suna gyangyaɗi, akwai waɗanda ko an riƙe musu fensir ba za su ci ba, sai 'yan bakin layi, waɗanda maki kaɗan ya hana su haurawa bara. Ya yi lissafinsa ya ce in 'yan bakin layin nan suka haura duka, makaranta ta tsira, in ɗaya ya zame shi ke nan. Aka tara yawancinsu a aji uku, wajen Malama Loretta Pettiford. Loretta 'yar garin nan ce, a ajin da take koyarwa ta koyi karatu. Ta shekara tana zuwa kafin kowa, tana tashi bayan kowa, har muryarta ta dushe.

Cikin yaranta akwai Renita Coles, 'yar siririya mai wushirya, mai bin karatu da yatsa. Ba ta da sauri, amma abin da malama ta ce, shi za ta yi ko ana ruwan duwatsu.

Ana gobe jarrabawa Cleveland ya tara yara a ɗakin taro, da ganguna da tafi, ya ɗauki lasifika ya ce musu makarantar nan tana hannunsu. Raina ya ɓaci ƙwarai. 'Yan shekara takwas za ka ɗora wa wannan kaya, su je gida su kwana da shi?

Da safe na iske an lulluɓe bangon aji da takarda, kada wani ya leƙi harafi. Aka raba musu alawar na'ana'a, wai tana buɗe ƙwaƙwalwa. Tambayoyin suna cikin littafi, amsa kuma a wata takarda daban, layi-layi na 'yan da'irori, kowane layi da lambarsa, yaro ya cike wadda ya zaɓa da fensir. Na'ura ce ke dubawa. Malama kuwa ba ta da ikon faɗin komai sai abin da aka rubuta mata ta karanta. Ta ƙara kalma ɗaya, ko ta nuna wa yaro wani abu, a soke takardun ajin duka, a kuma raba ta da aikinta. Wata mata daga jiha tana ta kai da komo a baranda, ƙarar takalminta na shigowa har ciki.

An yi nisa sosai sai na ga Loretta ta tsaya a bayan Renita ta ƙi gaba. Na taso a hankali na leƙa. Yarinyar ta tsallake tambaya ta shida, kamar yadda aka koya musu, in ta yi wuya a wuce a dawo daga baya. Amma ba ta bar layin shida a takardar amsa ba. Amsar ta bakwai ta zauna a layin shida, ta takwas a layin bakwai, haka har ƙasa. Na dubi abin da ta zagaye a littafin, kusan duka daidai ne. Ta san karatun, na'ura kuwa za ta ce ba ta san komai ba.

Loretta ta ja ni bakin ƙofa, hannunta sanyi ƙalau.

"Mama, kin gani?"

"Na gani."

"Ta san su fa. Na rantse da Allah ta san su. Kalma ɗaya kawai zan faɗa."

"Loretta, ki ji takalmin can. Ajin duka za ki ƙone."

"To in tsaya ina kallo?"

Ta koma ta yi tari a kan yarinyar, ta zagaya ta dawo, ta sake tari. Renita ko ɗago kai ba ta yi ba, don an ce musu kada su dubi kowa. Agogo na ta ci. Daga ƙarshe na ga Loretta ta sunkuya kamar za ta gyara zaman takardar, ta ɗora yatsa a layin shida. Ni kuma na juya na kalli taga.

Da na juyo, yarinyar ta gane. Da babba ne, da daga ƙasa zai fara, ya riƙa matsar da amsa ɗaya-ɗaya. Renita ta kife fensirinta ta kama gogewa tun daga shida, layi bayan layi. An koya musu a goge tas, kada na'ura ta ga alama, sai ta goge tas, tana hurewa, tana sharewa da gefen hannu. Loretta na tsaye a kanta, leɓunanta na motsi, ba damar ta ce tsaya. Ni kuma na riƙe bayan kujera.

Sai da ta goge su duka har ƙasa sannan ta dawo layin shida ta soma cikewa. An koya musu a cike da'ira fam, kada a bar fari, sai take cike kowace a tsanake, harshe a waje, hawaye na ɗiga a hannunta. Ba ta wuce layi huɗu ba lasifikar bango ta yi ƙara, muryar Cleveland ta ce lokaci ya cika, a ajiye fensir.

Matar jiha ta shigo ta tsaya a ƙofa da akwatin da za a kulle takardu. Loretta ta bi layi tana karɓa. Da ta zo kan Renita, yarinyar ta danne takardar da hannu biyu, sai da aka ja ta a hankali sannan ta saki. Ta ɗago fuska, ba ta ma rage murya ba.

"Malama, na san su duka. Ban gama ba ne. Yanzu ni ce na rufe makarantar?"

Yara duka suka juyo. Matar jiha na kallon bakin Loretta, don sai an kulle akwatin nan jarrabawa take ƙarewa. Loretta ta dubi yarinyar, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta ɗauki takardar umarni daga tebur, ta nemi inda ta tsaya, ta karanta da dusasshiyar muryarta.

"Kowa ya zauna shiru a wurinsa, har a gama karɓar takardu."