Ragon Sunan Aina'u

Rago ɗaya Nababa mai awo yake bin gidan Inna Hure, yau shekara ashirin da ɗoriya ke nan. Ragon layyarsa ne. An haifi Aina'u ubanta Yahya, ɗan Hure, yana cin rani a kudu, suna ya zo saura kwana biyu Babbar Sallah, gidan kuwa ko akuya babu. Nababa ya kwance nasa ya miƙo, ya ce in Yahya ya dawo sa yi magana. Yahya bai dawo ba, mota ta kife da su a hanya. Sau huɗu Hure tana aika rago gidan Nababa, sau huɗu yana mayarwa. Bai karɓa ba, bai kuma ce ya yafe ba.

To, Aina'un nan ce ta tashi a hannun kakarta har ta kai jami'a. Karatu biyu take yi a haɗe, na lauya da na hulɗar ƙasa da ƙasa. Da aka yi wa Hure bayani ta ce ta gane: rikicin iyakar gona ne, sai dai gonakin nan kowacce da sojojinta.

Wata Laraba da hantsi, ana tsakiyar cirar gyaɗa, sai ga Aina'u an sauke ta a babur, ba hutu ba komai. Hure ta fito da sauri. Ta zaci koro ta aka yi.

Ba kora ba ce. Wai an zaɓe su su huɗu a ajinsu, za su je wata ƙasa can gabas su yi gasar shari'ar gwaji da ɗaliban wasu ƙasashe, a kan rigimar ruwan kogi tsakanin ƙasa biyu. Sai dai wajen yin fasfo aka ga ranar haihuwarta biyu ce. Ta makaranta, hedimasta ne ya rubuta tun ajin farko: ya sa ta ɗora hannu ta kan kai ta taɓa kunne, hannun bai kai ba, ya yanke mata shekarun da ya ga dama, ya ba ta ɗaya ga Janairu kamar kowa a ajin. Ta katin ɗan ƙasa kuma baffanta Abdulkabir ne ya faɗa da ka. Aka ce ta kawo takardar rantsuwa daga kotu, ta wanda ya ga haihuwar da idonsa. Uwarta tana aure a nesa. Hure ce ta yanke cibiya.

Aina'u ta ce abu mai sauƙi ne. A rantse a kan ranar makaranta, tunda ita ce a duk takardun jarrabawa, a gyara kati ɗaya kawai. Mako uku ya rage a rufe sunaye.

"Da me ake rantsuwar?"

"Da Alƙur'ani, Inna. Amma ai dafawa ce kawai."

Hure ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta. Ita ta ga wani ɗan garinsu, Muhammadu Sani, ranar da ya dafa Alƙur'ani a kan layin gamba tsakanin gonarsa da ta marayun wansa. Ba a yi girbi ba bakinsa ya karkace, yawu yana zuba a rigarsa. Likita ya ce hawan jini ne. To, likita ba ya wurin ranar rantsuwar.

Ta tambayi yarinyar ko ranar makarantar gaskiya ce. Aina'u ta ce ai babu wanda ya san ta gaskiyar. Hure ta ce ita ta sani, ta ɗauko mayafi.

Suka sami Nababa a zaure yana tankaɗe wake. Ya tsokani Aina'u, wai lauya ta zo kama shi ne ko ta zo awo. Da Hure ta tayar da zancen rago sai ya daina dariya. Ya ce saura kwana biyu Sallah, haka ne, don shekarar bai yi layya ba. Kuma da ruwan sabon famfo aka wanke kayan cikin, makon da aka fara bugawa.

Famfon yana nan bakin masallaci. Magini ya zana shekarar da ƙusa tun siminti yana ɗanye. Aina'u ta tsuguna ta kankare gansakuka da tsinke, ta karanta, ta danna wayarta ta nemo ranar Babbar Sallah ta shekarar, ta koma baya kwana bakwai daga ranar suna. Rana ta fito. Ba ta hedimasta ba ce, ba ta Abdulkabir ba ce. Ta girmi takardunta da kusan shekara biyu.

A hanyar gida ta yi ta roƙo. In rana ta uku ta fito, sai an bi kowace takarda an gyara, aikin watanni ne, tafiyar ta wuce ke nan. Shekara huɗu tana jiran irin wannan dama.

"Ke da kike karatun, me littafinku ya ce a kan mai rantsuwar ƙarya?"

"Ɗauri ne."

"To wa za a ɗaure, ni ko ke?"

Aina'u ta wuce gaba, ta bar ta a baya. Kwana biyu ba ta ci tuwon kirki ba, Hure ma haka. Tsoro biyu ya sa tsohuwar a tsakiya. In ta dafa a kan ƙarya, ga bakin Muhammadu Sani. In ta ƙi, ga yarinyar da ta goya za ta riƙa kallonta a matsayin wadda ta tare mata hanya. Ita kaɗai Yahya ya bari.

Ran Litinin suka shiga motar gari. A shagon buga takardu na bakin kotu Aina'u ta sa aka buga guda biyu, ɗaya da ranar makaranta, ɗaya da ta famfo, ta ce sa yanke shawara a ciki. Hure ta duba su. Takardun iri ɗaya ne a idonta, baƙaƙen layuka kamar tururuwa. Duk wadda aka miƙa, ita dafawa za ta yi. Ta ce a nuna mata ta famfon ta sa mata albarka. Aka ba ta. Ta riƙe gefen da yatsan da ta gama ɓare goro da shi, ta ɗan danna, ta mayar.

Sau biyu tana sake alwala kafin a kira su. Ɗakin ƙarami ne, fanka tana kaɗawa, magatakarda yana zaune da Alƙur'ani a naɗe cikin kyalle kore. Ya gaishe ta da ladabi, ya ce a kawo takarda.

Aina'u ta buɗe jaka. Hannunta ya daɗe a ciki.

Hure ba ta kalle ta ba. Ƙafafunta ta kalla. Tana tunanin abin da za ta yi in takardar ta fito fes babu tabo: ta ƙaryata jikarta a gaban hukuma, ko ta dafa ta jira abin da zai biyo baya.

Takardar ta sauka a tebur. Magatakarda ya karanta, ya fassara, ya faɗi wani wata na Turawa da bai ce mata komai ba. Ita gefen take nema. Ga shi nan, ɗan ja-ja kamar cizon sauro.

Ta dafa. Ta ce an haifi yarinyar nan mako guda kafin sunanta, sunan kuma saura kwana biyu Babbar Sallah, shekarar famfo, ita ta yanke cibiya. Aka shafa mata tawada ta dangwala.

A mota Aina'u ta buga waya makaranta, ta ce a sa sunan Sadiya, wata 'yar ajinsu, a madadinta. Daga nan ta juya fuska wajen taga. Ba ta juyo ba har suka wuce Ɗanbatta. Hure ta miƙa mata gyaɗa dafaffiya, ta girgiza kai. A gida ma ta shige ɗaki.

Da safe Hure ta fito ta ga turken ragonta babu kowa. Ta ce shi ke nan, ga ɓarayi kuma. Sai ta hango ta kan danga: Aina'u ce ke jan igiya, ragon yana turjewa, tana faɗa masa baƙar magana, har ƙofar Nababa.

Hure ta tsaya tana jiran a mayar da shi karo na biyar. Nababa ya fito ya dubi ragon, ya dubi yarinyar, ya daɗe. Sannan ya karɓi igiyar.

Da Aina'u ta dawo ta wuce kakarta ba ta dube ta ba, ta buɗe tukunya.

"Tsohuwa, ɗumamen nan nawa ne ko kin riga ni?"