Mai Aski a Rumfar Yalo

Mai Aski bai taɓa yarda ya tsufa ba, kuma har gobe bai yarda ba. Abin da ya amince da shi kawai shi ne hannunsa na dama ya yi masa tawaye. Hannun da manyan mutane ke miƙa wa wuya su lumshe ido har su yi gyangyaɗi, shi ne yanzu ba ya iya kai kofin shayi baki sai rabi ya ƙare a gaban riga. Likita ya raɗa wa abin wani dogon suna, ya ba da ƙwayoyi. Mai Aski ya ce shi dai rawar hannu ya sani. Ranar da kilifar aski ta ci kunnen wani tsohon kwastomansa, da kansa ya rufe shago, ya naɗe ta a tawul, ya cusa ta ƙasan akwati, ya dawo gida ya zauna.

To, zaman ne ya jawo magana. Babban ɗansa, wanda kowa a gidan ke ce wa Yaya, ya bugo waya ya ce ƙarshen wata zai zo da mota ya ɗauke shi. Wai ya gyara masa ɗaki can saman benensa, da fanka da talabijin, ga asibiti kusa.

"Baba, ka huta haka nan mana."

"Kai, na taɓa ce maka na gaji?"

"Ai mun riga mun gama magana da Auta."

Nan ne abin ya soke shi. Auta ita ce 'yarsa ta ƙarshe, su biyu suka rage a gidan, ashe da ita aka ƙulla. A ransa ya rantse babu mai kai shi saman bene ya jingine kamar tsohon keke.

Auta tana da rumfar leda a bayan gida, doguwa, ƙarafa a lanƙwashe an lulluɓe su da farar leda, gefe da gefe raga ce mai ƙananan idanu don kada ƙwari su shiga. Ciki layuka ne na tattasai da attaruhu a hagu, yalo a dama, irin manyan nan baƙaƙe masu sheƙi. Kowane tsiro yana ɗaure da igiya zuwa wata waya da ke sama, siririn tiyo kuma yana ɗiga masa ruwa a gindi. Tun ranar da ya tuntsurar mata da farantan iri ta kafa masa doka, iyakarsa bakin ƙofa. Nan yake ajiye kujera ya yi ta kallon inuwarta tana kai da kawowa ta cikin leda.

Wata safiya ta fito fuska a murtuke, ta watsar da wani abu a ƙasa kusa da ƙafarsa. Furanni ne cike da tafin hannu, farare da masu launin makuba, duk sun yi yaushi.

"Wa ya taɓa min Auta da sassafe?"

"Baba, bari kawai. Fure ya fito kamar hauka, amma sai zuba yake yi. Ba ya kama 'ya'ya."

"Taki ne bai isa ba?"

"Taki har ya yi yawa. Ragar nan ce. Na hana ƙwarin banza shiga, na haɗa da ƙudan zuma, na haɗa da iska. Fure kuwa sai an girgiza shi garin cikinsa ya zubo kan tsinken tsakiya, sannan ya ɗauka. Ni ce zuman, ni ce iskar. Ina bi ɗaya bayan ɗaya ina ɗallinsu da yatsa, kafin in kai rabi rana ta yi zafi, garin ya mutu."

Mai Aski ya dubi hannunsa da ke ta kaɗawa a kan gwiwa, ya dubi Auta.

"Girgiza kika ce?"

"Baba..."

"Yarinya, kina da injin girgiza a gida, ba ya shan mai, ba ya jiran wuta, kin ajiye shi a bakin ƙofa yana kora ƙuda?"

Dariya ta kuɓuce mata, ta yi maza ta toshe baki don kunya. Shi kuwa ya riga ya miƙe, ya ɗaga labulen raga ya shige abinsa. Ɗumi ya buge shi, da ƙamshin ɗanyen ganye. Ya kama igiyar tattasai ta farko da yatsu biyu, bai yi komai ba, riƙewa kawai ya yi. Hannun ya yi aikinsa, tsiron ya ɗauki rawa daga sama har ƙasa, fararen furannin suna karkarwa. Auta ta tara baƙin gilashin wayarta a ƙarƙashin ɗaya, sai ga ɗan gari ya sauka a kai.

"Kin gani? Ciwon ma ya san inda ake nemansa."

Haka ya bi layin tattasai yana taƙama, har ya tsallaka wajen yalo. A nan ne aka yi masa tsaye. Ya kama igiya, tsiro ya yi rawa, gilashi ya fito fes. Ya sake, ko ƙura babu. Auta ta karkato masa fure ɗaya ta nuna masa. A tsakiyarsa akwai wasu 'yan rawayen kwalabe a dunƙule, kowace da ɗan rami a baki kamar na allura.

"Yalo marowaci ne, Baba. Garinsa a ƙulle yake cikin waɗannan. Akwai wani ƙaton zuma baƙi da ke rungumar furen ya yi ta gurnani a jikinsa, shi ne kawai ke fito da shi sosai. Rawar hannunka ta yi masa sanyi."

"Yaya gurnanin yake?"

Ta haɗa haƙora ta kwaikwaya masa. Mai Aski ya kasa kunne. Wannan ƙara ai ya fi kowa saninta, a cikinta ya ci ya sha ya aurar da 'ya'ya. Ya juya ya fita, ya nufi akwatinsa.

Ya ciro tawul ɗin ya buɗe. Kilifar tana nan yadda ya bar ta, har da ɗan gashi a tsakanin haƙoranta. Ya san muddin haƙoran nan suna jiki, aske furen zai yi, ba aurar da shi ba. Ya shimfiɗa tawul a kan tebur, ya ɗauko sukundireba. Wayyo, aikin da a da yake yi yana hira da kwastoma, shi ya cinye masa yini. Bakin sukundireba ya ƙi zama a kan noti, noti ɗaya ya faɗi ya gangara ƙarƙashin gado, ya bi shi da rarrafe yana zaginsa har kakanninsa. Da haƙoran suka fita, ya riƙe su a hannu ya daɗe yana kallo, don ya san daga yau ba mai aski ba ne. Sannan ya jefa su a aljihun tebur, ya je ya ce Auta ta sa masa kilifar a caji.

Washegari Auta ta ba shi layi ɗaya tak, na bakin ƙofa, ita ma don kada ya ce ta raina shi. Farawar ba ta yi kyau ba. Hannun ya kai wa furen farko naushi ya faɗi, na biyu ma haka, ƙayar da ke bayan furen ta soke shi a yatsa. Auta ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannun hagu.

"Ki bar ni. Kan jariri ma na aske, balle wannan."

Ya tsaya ya yi nazari irin na mai sana'a. Ya tallafe gwiwar hannun da hagunsa, ya jingina wuyan hannu a igiya, ya daina nufar fuskar furen, ya ɗora bayan kilifa a wuyan furen a hankali. Kilifa ta yi gurnani. Sai ga gari ya feso daga 'yan kwalaben nan kamar an busa hoda, har ana ganinsa a hasken da ke ratso leda. Gilashin wayar Auta ya yi fari fat.

"La ilaha! Baba, sake yi in gani!"

Daga ranar kullum da hantsi, bayan raɓa ta bushe kafin zafi ya taso, yana cikin rumfa. Tattasai ya kama musu igiya, yalo ya bi su da kilifa, yana yi yana yi musu hira kamar yadda ya saba. "Ɗaga haɓa, ranka ya daɗe." "Kai, tsaya mana, ba a motsi a kujerata." "Wannan jiya na yi masa, ba a aski sau biyu." Ya gane wanda ya buɗe yau da wanda ya kwana, ya gane masu dogon tsinke su ne ke ɗauka, masu gajere ɓata caji ne. Auta ta ƙara masa layi, ta sake ƙarawa, a ƙarshe ta sakar masa yalon gaba ɗaya ta koma yankan rassa da ɗaurin igiya.

Amma duk da haka, ana gobe Yaya zai zo, ya tarar ta wanke masa kaya ta shirya su a jaka. Ya tsaya a ƙofar ɗaki yana kallonta.

"Har yanzu kina kan bakanki?"

Idonta ya ciko. "Baba, tsoro nake ji. In na tafi kai kaya kasuwa kai kaɗai ne a gida. In ka faɗi fa? Ba korarka nake ba, wallahi."

"Na sani. Bar jakar a nan, gobe ma rana ce."

Yaya ya iso da hantsi, ya gaida mahaifinsa a tsugune, ya sa jakar a bayan mota. Mai Aski ya ce kafin a tafi ya zo ya ga wani abu. Ya shige gaba, su biyun suna binsa, har tsakiyar layin yalo. Furannin da ya fara yi wa aiki duk sun yi yaushi sun koma ruwan ƙasa, suna reto kamar tsumma.

"Baba, ai waɗannan sun mutu," in ji Yaya.

"Kama tsiron nan ka girgiza."

Yaya ya ɗan taɓa shi da ladabi.

"Haba, ƙato da kai! Girgiza nake cewa, ba gaisuwa ba."

Yaya ya kama da ƙarfi ya jijjiga. Busassun ganyen fure suka zubo masa a takalmi, amma wuyan fure ko ɗaya bai tsinke ba. Mai Aski ya ɗaga wani koren gindin fure mai ƙaya ya juya musu shi. A ciki ga ɗan yalo ya leƙo, baƙi sumul, bai wuce kan babban yatsa ba. Ya ɗaga na kusa da shi, haka. Na gaba, haka. Auta ta bi layin da sauri tana ɗagawa tana salati, har ta kai ƙarshe ta juyo.

"Yaya, duk sun kama. Aikin Baba ne, ni ban taɓa su ba."

Yaya ya share gumi. Mutum ne mai son ubansa, ba don mugunta ya gyara ɗakin ba. "Na gani, Baba, kuma na ji daɗi. Amma likita ya ce abin nan ƙaruwa yake yi, ba raguwa ba."

"Ai a jikina yake, na riga likita sani. Ranar da na kasa ɗaga kilifar nan, ni da kaina zan ce Auta ta kira ka, ba zan yi maka gardama ba. Amma yau akwai sabon fure a layin can, gobe ma akwai. Wa zai yi musu? Kai?"

Yaya ya dubi ƙanwarsa. Ita ta sa aka zo, ita ce za ta faɗa. Auta ta goge hannu a zani, ta fita. Suka ji an buɗe bayan mota, an rufe. Da ta dawo da jakar a hannu, ta ce ranakun kasuwa za ta roƙi maƙwabciya ta riƙa leƙowa, kuma Baba ya yarda da haka ko ta mayar da jakar mota. Mai Aski ya ce ya yarda, amma a gaya wa matar kada ta taɓa masa yalo.

Suka koma ɗaki. Cajin kilifa ya ƙare, ya ɗauko wayar cajin ya durƙusa gaban soket. Ya kai, hannun ya kauce. Ya sake kaiwa, ƙarfen ya yi ta ƙwanƙwasa bango. Yaya yana tsaye a bayansa, ya miƙo hannu ya janye, don ya san halin ubansa. Mai Aski ya gwada ya gwada, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Can ya ɗago kai.

"To, ka tsaya kana kallona? Zo ka riƙe min wuyan hannun nan."

Yaya ya durƙusa kusa da shi, ya kama hannun da hannayensa biyu, ya ji yadda yake fizga a tafinsa, abin da bai taɓa ji ba a waya. Suka tura tare, jar fitilar kilifa ta kama. Mai Aski ya ja hannunsa, amma Yaya bai sake shi ba, ya sunkuyar da kai yana riƙe da shi.